Matan Sin: An Ba Su Rabin Sama, An Riƙe Bakin Magana

A tsohuwar takardar kuɗin ƙasar Sin ta yuan ɗaya, wadda aka tsara a shekarun 1960, akwai hoton wata mata a kan tarakta, gashinta gajere iska na kaɗa shi, tana murmushi. Ba ƙirƙirar mai zane ba ce kawai. Sunanta Liang Jun, 'yar lardin Heilongjiang, wadda ake ɗauka a matsayin mace ta farko da ta tuƙa tarakta a ƙasar. Ta rasu a Janairun 2020. Shekara da shekaru hotonta na yawo a aljihun manoma da ma'aikata, yana sanar da kowace yarinya irin macen da ƙasa ke so: mai ƙarfi, mai zufa, wadda ba ruwanta da madubi.

A watan Oktoban 2023 kuma, shugaba Xi Jinping ya zauna da shugabannin Ƙungiyar Mata ta Ƙasar Sin, wadda ke ƙarƙashin jam'iyyar kwaminis mai mulki, ya ce musu a himmatu wajen raya sabuwar al'adar aure da haihuwa, a kuma shiryar da matasa kan yadda za su kalli aure da iyali. Jam'iyya ɗaya ce ta buga waccan takardar kuɗi, ita ce kuma ta yi wannan kira. Jiya a sauko da mace daga gado a ɗora ta kan tarakta, yau a sauko da ita daga tarakta a mai da ita ɗaki.

Abin da nake gani, bayan na daɗe ina bibiyar yadda ake zancen mata a ƙasar Sin, shi ne abin da ake nema daga wurin mace yana canzawa duk bayan shekara ashirin ko talatin, amma mai neman bai taɓa canzawa ba. Ana maganar jikinta kullum: a jarida, a talabijin, a talla, a takardun hukuma. Ana maganar mahaifarta, budurcinta, shekarunta, da wanda ta kwana da shi. Abu ɗaya da ba a iya jurewa shi ne ita ta buɗe baki ta faɗi abin da ya faru da jikin nan, da muryarta, ba tare da an ba ta izini ba.

Kuma abin ya girmi kwaminisanci. Wajen shekara dubu ana naɗe ƙafafun 'yan mata ƙanana a Sin, a lanƙwashe yatsun a ƙarƙashin tafin ƙafa har ƙashi ya karye, domin ƙaramar ƙafa ita ce kyau, ita ce kuma ke jan hankalin namiji. Da masu neman gyara suka tashi a ƙarshen ƙarni na 19, irin su Kang Youwei, hujjar da suka fi kafawa ba azabar yarinyar ba ce. Cewa suka yi Turawa na yi wa Sin dariya, kuma uwa mai raunin jiki ba za ta haifi sojan kirki ba. Wato ko kwance ƙafar ma domin ƙasa aka yi shi. An haramta al'adar a 1912, ko da yake ta daɗe tana jan ƙafa a karkara. Ni a wurina daga nan salon ya kafu: idan za a yi wa mace alheri, sai an nuna ribar da ƙasa za ta ci.

Ba zan yi wa zamanin Mao Zedong rowar yabo inda ya cancanta ba. Dokar aure ta 1950 ta haramta auren dole, da ba da yara ƙanana aure, da ajiye ƙwarƙwara, ta kuma ba mace damar neman saki. Matan da aka sayar suna yara sun fita daga gidajen da ba su zaɓa ba. Mata sun shiga makaranta da masana'antu da yawan da ba a taɓa gani ba. Taken da ake danganta wa Mao, cewa mata ne ke riƙe da rabin sama, ba a kan allo kawai ya tsaya ba.

Sai dai a saurari ɗayan zancen nasa da aka yi ta maimaitawa: zamani ya canza, maza da mata ɗaya suke, duk abin da namiji zai iya mace ma za ta iya. Ba a taɓa juya maganar an ce abin da mace ke yi namiji ma ya iya ba. Namiji ne ma'auni, ita ce mai ƙoƙarin kamo shi. Sai ta yini a gona ko a masana'anta daidai da shi, ta dawo gida ta tarar da tukunya da wanki da goyo suna jiran ta ita kaɗai. 'Yan matan da aka yi wa laƙabi da "'yan matan ƙarfe", irin na ƙauyen Dazhai, su ne abin koyi. Kwalliya ta zama alamar lalacewar tunani, soyayya ta zama abin kunya, zancen sha'awa kuwa babu shi sam a bainar jama'a.

Babu shi, sai idan za a wulaƙanta mace. A lokacin juyin al'adu, gangamin da Mao ya tayar don kawar da tsofaffin al'adu da abokan hamayyarsa, matar da aka zarga da neman maza ana kiran ta po xie, wato tsohon takalmi, wanda kowa ya sa ya cire. A rataya mata takalma a wuya a zaga da ita gari. A 1967 ɗalibai masu jan ƙyalle, 'yan gani-kashe-nin Mao, suka kama Wang Guangmei, matar shugaban ƙasa Liu Shaoqi, suka tsayar da ita gaban dubban mutane a jami'ar Tsinghua, suka tilasta mata sa matsattsiyar rigar gargajiya, suka rataya mata sarƙar ƙwallayen tebur don yi wa sarƙar lu'ulu'un da ta sa a wata ziyarar ƙasar waje ba'a. Mijinta ake yaƙi da shi a siyasa, amma da aka zo kanta, ta jikinta da adonta aka bi.

Bayan mutuwar Mao kasuwa ta buɗe, jikin mace ya dawo fili, wannan karon a allunan talla da kalanda da baje kolin motoci. A daidai lokacin ne kuma hukuma ta shiga mahaifa da ƙafar dama. Daga 1980 aka kafa dokar ɗa ɗaya. Alƙaluman da ma'aikatar lafiyar ƙasar ta fitar da kanta a 2013 sun nuna cewa tun daga 1971 an zubar da ciki sau miliyan 336, an yi aikin tsayar da haihuwa na dindindin miliyan 196, an sa wa mata robar mahaifa miliyan 403. Yawancin aikin tsayar da haihuwar ma a jikin mata aka yi shi, alhali na namiji ya fi sauƙi. A masana'antu da ƙauyuka akwai jami'an da aikinsu ya haɗa da sanin ranar da kowace matar aure ta ga al'adarta. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da aka haɗa dokar ɗa ɗaya da tsohon son ɗa namiji da na'urar hoton ciki, sai 'ya'ya mata suka riƙa ɓacewa tun kafin su zo duniya. A wajen 2004 ana haihuwar maza kusan 121 a kan kowace mace 100. Ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata yawa da kusan miliyan 35.

To, a nan ne abin ya fi ba ni mamaki. A ƙasar da maza miliyoyi ba za su taɓa samun matar aure ba saboda lissafi kawai, wa kake tsammanin za a yi wa gorin rashin aure? Mace aka yi wa. A 2007 kalmar sheng nu ta shiga jerin sababbin kalmomin da ma'aikatar ilimi ta amince da su, kafofin gwamnati suka ɗauke ta suka yi ta yayatawa. Ma'anarta macen da ta rage, kamar ragowar abinci, ana nufin wadda ta wuce shekara 27 ba ta yi aure ba. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, don mu ma muna da tamu: mukan ce yarinya ta yi kwantai, kalmar da asalinta ta kayan da aka kai kasuwa ba su shiga ba ce. Bambancin shi ne tamu a bakin gwaggo da maƙwabta take, tasu kuwa har shafin ƙungiyar mata ta gwamnati ya buga rubuce-rubucen da ke tsoratar da masu digiri cewa kafin su gama karatu sun tsufa, darajarsu ta faɗi. Har barkwanci aka yi cewa jinsi uku ne a duniya: namiji, mace, da mace mai digirin digirgir. Mazan da suka rasa mata su ma suna da laƙabi, ana ce musu busassun rassa, amma su tausayinsu ake ji, ana neman yadda za a taimake su. Su matsala ce ta ƙasa. Ita kuwa matsala ce ta halinta: ta cika zaɓe, ta cika buri, iyayenta sun tsawwala kuɗin aure.

Waɗanne mata ake wa wannan matsin? Ba 'yar ƙauyen da ta bar makaranta ba. Masu ilimi na birane, waɗanda hukuma ke so su haifa mata 'ya'ya "masu inganci", kalmar da takardun tsara yawan jama'a na Sin suka daɗe suna amfani da ita.

Zancen sha'awa kuma ya bi wata karkatacciyar hanya. A aikace rayuwar mutane ta canza ƙwarai. Masaniyar zamantakewa Li Yinhe, wadda ta shafe shekaru tana binciken wannan fanni, ta ce a 1989 kimanin kashi 15 cikin ɗari na waɗanda ta tambaya ne suka san juna kafin aure, bayan shekara ashirin da 'yan kai adadin ya haura kashi 70. A 1997 aka cire laifin "iskanci" daga kundin hukunci, wanda a ƙarƙashinsa aka ɗaure mutane, har aka kashe wasu a shekarun 1980, kan abubuwan da suka haɗa da raye-raye a ɗaki da tarayya da maza da yawa. Amma bakin mutane bai bi ƙafarsu ba. A 2003 wata 'yar jarida a Guangzhou, garin da 'yan kasuwarmu suka sani sarai, ta riƙa buga labarin mu'amalarta da maza a intanet da sunan Mu Zimei. Ƙasa ta ɗauka, ta rasa aikinta, aka hana littafinta. Mazan da ke cikin labaran kuwa, in ban da wani mawaƙi da ta kama suna, ba wanda ya tambayi inda suke.

Kada a ɗauka ina kare abin da ta yi. Na tashi a cikin al'ummar da ke ganin kunya ado ce, kuma ban ga wani ci gaba a tallata sirrin shimfiɗa ba, ko namiji ne ya yi ko mace. Tambayata a kan mudu ce. Idan za a auna, a auna da mudu ɗaya. Duba abin da ya faru a Yulin 2025. Wata jami'ar kimiyya da fasaha a birnin Dalian ta fitar da sanarwar shirin korar wata ɗaliba, ta rubuta cikakken sunanta, saboda ta yi hulɗa da wani baƙo ɗan Yukren mai wasannin kwamfuta, wanda ya ɗora bidiyonta a intanet. Laifin da aka ambata shi ne mu'amalar da ba ta dace ba da ɗan ƙasar waje, wadda ta zubar da mutuncin ƙasa. Mutuncin ƙasa! Ba a ce ta saɓa wa addini ba, ba a ce ta ci amanar iyayenta ba. Jikinta ne aka ɗauka kamar wani yanki na iyakar ƙasa da baƙo ya tsallaka. A cikin watan nan kuma aka bankaɗo wani zaure a Telegram mai mambobi sama da dubu ɗari, inda maza Sinawa ke musayar hotunan tsiraicin mata da aka ɗauka a ɓoye: budurwa, tsohuwar budurwa, matar aure, har 'yan'uwa na jini. Sunan ɗalibar ya zaga ƙasa. Zancen zauren kuwa, da mata suka fara tayar da jijiyar wuya, masu tace intanet suka shiga rage masa ƙarfi.

Harshen yau da kullum ma haka yake. Intanet ɗin Sin cike yake da laƙabin zagin mata, kowanne da nau'insa: akwai "koren shayi" ga wadda take nuna ita saliha ce alhali ana zargin tana farautar masu kuɗi, akwai na wadda ke son baƙi, akwai na wadda ke son abin duniya. Kalmar da ke nufin haƙƙin mata, nuquan, furucinta ɗaya da wata da ke nufin "dunƙulen hannun mace", sai masu adawa suka riƙa rubuta ta biyun, duk macen da ta yi ƙorafi a ce ta fara dambe. 'Yan rajin mata a can sukan nuna cewa ko a rubutun Sinanci, alamar da ke nufin mace tana cikin haruffan kalmomin bawa, kishi, da lalata. Gaskiya ne, ko da yake tana cikin harafin "kyau" ma, mace da yaro a gefe, da na "kwanciyar hankali", mace a ƙarƙashin rufin ɗaki. Ko yabon ya faɗi inda ake so ta zauna.

Yanzu ga abin da ke faruwa idan ita ta yi magana. A Maris ɗin 2015, ana gab da ranar mata ta duniya, 'yan sanda suka kama wasu mata biyar: Li Tingting, Wei Tingting, Zheng Churan, Wu Rongrong da Wang Man. Sun yi shirin raba 'yan takardun manne a motocin haya da jiragen ƙasa na cikin gari, masu kira da a daina taɓa jikin mata a cunkoso. Kwana 37 suka yi a tsare. Ba gwamnati suka zaga ba, abin da suka nemi a daina doka ma ta hana shi. Laifinsu shi ne sun shirya da kansu, a garuruwa da yawa, ba ta hannun ƙungiyar da aka tanada ba.

A Janairun 2018 wata tsohuwar ɗaliba mai suna Luo Xixi ta zargi malaminta na jami'ar Beihang da neman ta da lalata, jami'ar ta bincika ta kore shi, gangamin MeToo, na mata masu fallasa waɗanda suka ci zarafinsu, ya shigo Sin. Da aka toshe kalmar, 'yan mata suka koma sa hoton kwanon shinkafa da na zomo, domin a Sinanci shinkafa mi ce, zomo kuma tu. Wannan wayon yana burge ni, yana kuma ba ni tausayi: mace mai digiri, a ƙasa ta biyu a arzikin duniya, sai ta ɓuya a bayan zomo kafin ta ce an ci zarafinta. Zhou Xiaoxuan, wadda aka fi sani da Xianzi, ta zargi Zhu Jun, fitaccen mai gabatar da shirye-shirye a talabijin ɗin gwamnati, da taɓa ta da ƙarfin tsiya a 2014 lokacin tana koyon aiki. Ya musanta. Ta ce ta kai ƙara wurin 'yan sanda tun washegari, suka ba ta shawara ta janye saboda kyakkyawan tasirin mutumin a kan al'umma. Kotu ta kori ƙararta a 2021 bisa rashin isasshiyar hujja, ɗaukaka ƙarar ma ta faɗi a 2022. Ba ni da ikon yanke hukunci kan abin da ya faru a wancan ɗaki. Abin da kowa ya gani shi ne an rufe shafukanta da na magoya bayanta, aka bar masu zagin ta suna cin karensu ba babbaka.

Na Peng Shuai ya fi kowanne gajarta. Ranar 2 ga Nuwamban 2021 zakarar wasan tanis ɗin ta rubuta a Weibo, shafin sada zumunta na Sin, cewa tsohon mataimakin firaminista Zhang Gaoli ya matsa mata ya kwana da ita. Rubutun bai kai awa ɗaya ba aka goge shi. Kusan mako uku ba a gan ta ba. Da ta bayyana ta ce ba a fahimce ta ba ne. Ita kuwa Huang Xueqin, 'yar jaridar da ta taimaka wa mata da dama suka faɗi labarinsu, a Yunin 2024 kotu a Guangzhou ta ɗaure ta shekara biyar kan zargin tunzura jama'a su yi wa gwamnati zagon ƙasa.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gundumar Feng, kusa da Xuzhou a lardin Jiangsu. A ƙarshen Janairun 2022, cikin tsananin sanyi, wani mai ɗaukar bidiyo ya je gidan wani mutum mai 'ya'ya takwas. Mutumin ya riga ya yi suna a intanet a matsayin uba abin tausayi mai fama da ɗawainiya, mutane na kai masa taimako. Sai kyamara ta leƙa wata bukka marar ƙofa a gefen gida, ga uwar 'ya'yan nan da sarƙa a wuya, ɗaure da bango. Ka tsaya a nan tukuna. Wata da watanni ana zuwa gidan nan ana ɗaukar uba da 'ya'ya, ba wanda ya ce ina wadda ta haife su. Sanarwar farko ta hukumar yankin ta ce aure ne halattacce, ba safarar mutane, matar ce ke da taɓin hankali. Aka yi ta canza zance sanarwa bayan sanarwa, har binciken lardi ya tabbatar an sato ta ne daga Yunnan, an sayar da ita fiye da sau ɗaya. An hukunta jami'ai 17, mijin ya sami shekara tara. Masana shari'a suka tuna wa jama'a cewa hukuncin sayen mace a dokar ƙasar bai wuce shekara uku ba, ƙasa da na sayen wasu tsuntsayen da doka ke karewa. Duk wannan yana faruwa ne ana tsakiyar gasar Olamfik ta hunturu a Beijing, kafofin gwamnati na ta nuna Eileen Gu, budurwa mai lambobin zinare, a matsayin fuskar macen Sin ta yau. Matan da suka yi tattaki don su ga uwar 'ya'ya takwas kuwa tsare su aka yi. Har yau duniya ba ta ji labarin daga bakinta ba.

Bayan wata biyar, a Tangshan, wani mutum ya shafa bayan wata mata a gidan cin abinci, ta ture shi, shi da abokansa suka yi mata da ƙawayenta dukan kawo wuƙa a gaban kyamara. An kama su da sauri, jagoransu ya sami shekara 24. Amma a bakin hukuma labarin ya zama na 'yan daba da 'yan sandan da ke ɗaure musu gindi. Shafukan da suka ce a'a, wannan batun yadda maza ke kallon jikin mata ne, da yawansu an rufe su da sunan haddasa gaba tsakanin jinsi.

Akwai kuma inda abin ya taɓa mu kai tsaye a matsayinmu na Musulmi. A daidai lokacin da ake lallashin matan ƙabilar Han, mafi rinjaye a ƙasar, su ƙara haihuwa, a Xinjiang, yankin Musulmi 'yan ƙabilar Uigur, haihuwa ta faɗi da kusan rabi tsakanin 2017 da 2019. Ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na Agustan 2022 akwai alamu masu ƙarfi na tilasta tsarin iyali a kan matan Uigur. Beijing ta musanta. Amma a Janairun 2021 ofishin jakadancin Sin a Amurka ya rubuta a Twitter cewa an 'yantar da tunanin matan Uigur, sun daina zama injin haihuwa. Twitter ta cire rubutun. Bayan wata huɗu gwamnatin nan ta ba da izinin 'ya'ya uku ta fara roƙon a haihu. Haihuwa da yawa bauta ce a Kashgar ta Xinjiang, kishin ƙasa ce a Shanghai.

Na san abin da masu kare Sin za su ce, kuma ba duka ne shirme ba. Za su ce mata sun fi rabin ɗaliban jami'o'in ƙasar, mutuwar mata wajen haihuwa ta ragu matuƙa, an kafa dokar hana dukan iyali a 2016, kuma Beijing ce ta karɓi babban taron mata na duniya a 1995. Za su ce Turawan da ke sukar su ba don Allah suke yi ba. Na yarda da duka. Ni kaina ba na son a riƙa kallon Sin da tabaran Amurka, kuma laifi tudu ne, mu ma da namu a gida. Haka nan ba gwamnati kaɗai ce mai laifi ba. Lokacin da mai barkwanci Yang Li ta tambaya a 2020 yadda aka yi wasu maza ba su da wani abin a zo a gani amma ga cika baki, ba hukuma ce ta tashi ba, maza ne a intanet suka yi mata ca, har kamfanin Intel ya janye tallar da ta yi masa. Su ma mazan ba a bar su ba: a 2021 hukumar kula da talabijin ta hana nuna samari masu kwalliya da lanƙwasa irin ta mata, ma'aikatar ilimi kuma ta yi alƙawarin koya wa yara maza mazantaka. A ƙarƙashin wannan duka akwai tunani ɗaya, cewa kama da mace rauni ne.

Amma duk alherin da aka lissafa, ba shi aka yi, ba karɓa aka bari ta yi ba, kuma mai bayarwa yana iya janyewa. A 2021 aka sa wa masu neman saki wa'adin kwana 30 na huce zuciya, duk da ihun da mata suka yi cewa a cikin irin wannan jira ake kashe wasu. A 2022 aka kafa ofishin siyasa na jam'iyya mai mutum 24 babu mace ko ɗaya, karo na farko cikin shekara 25. Zaunannen kwamitinsa, inda ake yanke komai, mace ba ta taɓa shiga ba tun kafuwar jamhuriyar a 1949. Wata mata mai suna Xu Zaozao ta shafe shekara biyar a kotu tana neman a bar ta ta daskarar da ƙwayayen haihuwarta domin ta haihu nan gaba, ta faɗi a 2024 saboda ba ta da aure, alhali namiji marar aure yana iya ajiye nasa. Ƙasar da ke neman jarirai ido rufe ta ƙi wa mace hanyar haihuwa saboda ita ta zaɓi lokacin.

Shiru ma magana ce. A 2013 an ɗaura aure sama da miliyan 13 a Sin, a 2024 miliyan 6.1. A 2022 yawan jama'a ya ragu, karo na farko tun 1961. A 2023 jarirai miliyan 9 da 'yan kai aka haifa, kusan rabin na 2016. Tsadar gida da ta makaranta na ciki, ba shakka, amma duk wanda ya karanta abin da 'yan matan ke rubutawa kafin a goge ya san akwai fushi a ciki. A 2025 gwamnati ta fara biyan yuan 3,600 a shekara ga kowane yaro ɗan ƙasa da shekara uku.

Na ce za mu dawo kan zancen al'ada. A farkon 2020, ana tsakiyar annobar korona, wata kafar gwamnati a Gansu ta nuna ana aske wa ma'aikatan jinya mata kai ƙwal kafin a tura su fagen fama, wasu na hawaye, aka kira abin sadaukarwa. A lokacin nan matan da ke aiki a asibitocin Wuhan ba su da audugar mata, domin ba a sa ta cikin kayan gaggawa ba, sai da 'yan sa kai suka tara. Da ƙungiyar matasan jam'iyya ta fito da wata 'yar tsanar kwamfuta mai suna Jiang Shanjiao don zaburar da jama'a, mata dubbai suka yi mata ruwan tambayoyi: Jiang Shanjiao, kina yin al'ada? Su ma sun aske miki kai? Iyayenki sun so a ce namiji ce ke? Cikin sa'o'i aka janye ta. A 2022 wata fasinja ta yi ƙorafin ba a sayar da auduga a jirgin ƙasa mai gudun gaske, hukumar jiragen ta amsa cewa wannan kayan sirri ne, kowa ta zo da nata. A 2024 kuma matan aure a garuruwa daban-daban suka riƙa ba da labarin kiran waya daga ofishin unguwa. Wata murya ce da ba su sani ba, tana tambayar ko suna da ciki, in babu yaushe suke shirin yi, kuma yaushe rabonsu da ganin al'ada.